Shafinmu yana aiki lafiya, dole ne in sabunta uwar garke?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni nake kula da shafin intanet na Islamiyyarmu a Nima, nan Accra. Kamfanin da muke haya a wurinsa ya aiko saƙo cewa an gano ɓarakar tumbatsar ma'ajiya a manhajar uwar garke, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, wai mu sabunta. Shafin kuwa lafiya lau yake aiki. Dole ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Dole ne, kuma ka yi shi yau.

Ka ɗauki littafin bashin mai kanti. Layi ɗaya na sunan mai cin bashi, na ƙasansa na adadin kuɗi. Idan suna ya yi tsawo aka ci gaba da rubutu babu mai tsayarwa, sai ya hau kan kuɗin ya shafe shi. Haka manhaja take ware ɗan wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta don saƙon da baƙo ya turo. In mai rubuta ta bai sa ta auna tsawon saƙon ba, rarar sai ta malala ta danne abin da ke kusa, har da adireshin da manhajar za ta koma bayan ta gama aikin. Wannan ita ce tumbatsar ma'ajiya. Ɓarawo yana tsara rarar nan da gangan, ta yadda kwamfutar za ta bi umarninsa. An fi samun wannan a manhajojin da aka rubuta da C, harshen da ba ya auna iyaka da kansa, kuma da shi aka gina manhajojin uwar garke irin su Apache da nginx.

Abin da ke ci mini rai shi ne labarin Code Red, wata tsutsar kwamfuta, wato muguwar manhaja mai yaɗa kanta. A watan Yunin 2001 Microsoft ya fitar da faci, wato gyaran wata ɓaraka irin wannan, a IIS, manhajarsa ta uwar garke. Mutane da yawa suka yi biris, tunda shafukansu na aiki. Ranar 19 ga Yuli tsutsar ta kama kwamfutoci sama da 350,000, ta hanyar turo dogon jerin harafin N. Wata guda cur maganin yana ajiye!

Ka tuna sunayen yara da lambobin wayar iyayensu suna hannunka, amana ce. Ka fara kwafe bayanan shafin ka adana a wani wuri, sannan ka sabunta, ka sake kunna manhajar, don faci ba ya kamawa sai an yi haka. In ka ga alamar an riga an shigo, ka canza kalmomin sirri, ka kira hukumar tsaron intanet ta Ghana a lamba 292.