Labarin shekara da kike son rubutawa

'Yata, na ga saƙonki, kuma lafiya lau muke, sai gwiwar nan da ba ta son sanyin safiya. Kin ce in Disamba ta zo ƙarshe kina so ki tattara duk abin da ya faru a gidanmu bana, wata bayan wata, da hotuna: haihuwa, biki, ruwan da ya shiga ɗakin babanki a Yuli, kwanciyata a asibiti, abin da ya sami matar yayanki, har da kyanwarki da ta haihu a cikin durowar kaya. Za ki sa a zauren WhatsApp na dangi, in ya yi kyau ki ɗora a Facebook. Kina tambaya ko mu da muna yin haka, ko kuwa akwai laifi a al'ada.

Da na zo wurin kyanwar nan sai da na yi dariya har jikata ta leƙo ta ga ko lafiya. Kin ba ta layi huɗu, ni da na kwanta asibiti kin ba ni biyu. Ban ji haushi ba, kyanwa ma tana da haƙƙi. Malamai sun karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta don ta kulle kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Amma da na iso kan maganar matar yayanki, dariyar ta tsaya.

Da farko ma, mu ba Disamba ce ƙarshen shekararmu ba. Shekara tana juyawa ne a watan Muharram, wanda muke kira watan cika-ciki. Tun Babbar Sallah ake ɓoye wani abu daga ragon layya, jela ko busasshen nama, a dafa shi a daren goma ga wata, kowa ya ci har ya kasa tashi. Taubasai su yi ta bin juna da kuɗin shara, jikoki su tasa kakanni a gaba. Kuma ba da lamba muke riƙe shekaru ba, da abin da ya faru a cikinsu ne. Kakata in za ta faɗi shekarun wani tsoho sai ta ce ai shi ya ga yunwar Kakalaba. Ni kuma ina 'yar yarinya aka yi canjin hannu a 1972, motoci suka koma dama, shekara ta zagayo aka daina fam da sule aka kawo naira da kwabo. Nan Ikko ma haka muka ci gaba. Yayanki an haife shi kafin bam ɗin barikin Ikeja, na ranar 27 ga Janairu 2002, lokacin da mutane suka yi ta gudu cikin duhu har da yawa suka faɗa ruwa a Oke-Afa. Akwai shekarar Ebola, 2014, akwai ta kullen korona, 2020, ga ta 2023 da takardar naira ta ɓace a hannu sannan aka cire tallafin mai. Kin ga ai lissafi muna yi, a ka yake zaune.

Abin da ya fi kama da naki shi ne kaset.

Ni amarya aka kawo ni Agege, a jirgin ƙasa daga Kano. Mijina Alhaji, Allah ya jiƙansa, lokacin bai je Makka ba, yana harkar goro, yana sayowa daga Shagamu da Ifo a ɗaure a huhu a tura Arewa. Auren zumunci ne, uwarsa yayar babanmu ce, Inna muke ce mata, kuma duk a gida ɗaya muka taso. A Agege kuwa ɗakuna biyu muka kama a gidan haya irin wanda ƙofofi ke kallon juna, mu da Yarabawa da wani Inyamuri mai sayar da kayan keke, murhu ɗaya a bayan gida, rijiya ɗaya. Waya babu. Wasiƙa sai a nemi mai rubutu, can ma sai an nemi mai karantawa, kuma ba kowace magana mace za ta faɗa wa malamin zaure ya rubuta ba. Da rikoda ta shigo hannun mutane sai aka samu sauƙi. Shekara-shekara, wajen cika-ciki, Alhaji zai ɗauko kaset mai minti 60, a zauna a faɗa wa gida labarin shekara, a ba direban motar goro ya kai.

Wanda ba na mantawa shi ne na 1984. Shekara ce mai nauyi. Damina ta yi gardama a Arewa, ciwon bushiya ya riga ya kashe shanu tun 1983, a watan Afrilu kuma soja suka sauya launin takardun kuɗi, suka rufe iyakoki, suka ba mutane 'yan kwanaki su kai tsofaffin banki. Fataken goro kuɗinsu a ƙunshe yake a jiki da ƙarƙashin katifa, da yawa ba su da asusu, sai layi da roƙon wanda ya san wani. Madara da sabulu ma sai an bi layi. A cikin wannan ne ƙyanda ta shigo layinmu, ta ɗauki yara, ta ɗauki ɗan farina yana da shekara biyu da 'yan watanni.

Daren da za a yi kaset ɗin an ɗauke wuta, sai aka kunna fitilar ƙwai, Alhaji ya sa sababbin batura. An shimfiɗa tabarma a ɗakin uwargidana, rikodar tana tsakiya a kan kujerar tsuguno, an lulluɓe ta da ɗan kyalle saboda ƙura, sai wurin da murya ke shiga aka bari. Yara an yi musu wanka an sa musu kayan Sallah, alhali ba mai ganinsu. Alhaji ya danna maɓallai biyu tare, ya gyara murya, ya yi sallama kamar Inna tana zaune a gabansa, har ya ɗan sunkuyar da kai.

Gaisuwa kaɗai ta kusa cinye rabin fuska ɗaya. Ya gaida Inna, ya gaida baffanni ɗaya bayan ɗaya bisa girma, ya gaida liman da mai unguwa, ya tambayi gona da rijiya da katangar da ta zube. In ka tsallake mutum ɗaya, to ka sayi fushin shekara. Sannan ya shiga labari, kuma da tsarinsa. Ruwa tukuna: ya ce nan ruwa ya yi yawa har ya shigo tsakar gida, Allah ya kai rabonsa can. Sai kasuwa: ya ce ana godiya. Bai ce ya yi asara a canjin kuɗi ba, ko da yake mu mun san dare nawa bai runtsa ba. Sai ƙaruwa: ya ce an samu baƙuwa a ɗakin uwargida, ya faɗi sunan da aka raɗa mata, amma bai ce yaransa sun zama kaza ba. Ba a ƙirga 'ya'ya. Inna takan ce abin da ka ƙirga ka nuna wa baki hanya. Ƙanwarsa da ke aure a Idi-Araba tana da ciki wata bakwai a lokacin, ko alama bai yi ba, sai cewa ya yi tana gaishe ku, a sa ta a addu'a. Wanda ya san magana ya gane.

Dabbobi ma sun shiga, kada ki ce kyanwarki ce farau. Ya faɗi akuyar uwargida ta haifi tagwaye, ɗaya ya rayu, ya faɗi ɓarawo ya kwashe kaji uku a daren Sallah. Yana cikin faɗa sai akuyar da ke ɗaure a bayan taga ta yi kuka, yara suka tuntsire da dariya, ya harare su, amma bai tsayar da rikodar ba.

Da aka juya kaset sai ya ce mata su yi magana. Uwargidana ta yi nata, aka turo mini kujerar. Ni kuwa ɗan fari ko yana raye ba na kiran sunansa, balle in buɗe baki a gaban mijina in ba surukata labarin rasuwarsa. Na yi sallama, na ce Inna ina wuni, daga nan maƙogwaro ya rufe. Kaset yana ta juyawa, ana jin ƙararsa siririya, ba wanda ya ce uffan. Can sai uwargidana, Allah ya haskaka kabarinta, ta matso ta dafa gwiwata ta ce: "Inna, mai sunan Malam dai wanda ya ba mu shi ya karɓi abinsa. Ƙyanda ce. Ƙanwata ta yi haƙuri, tana cin abinci." Iyakar abin da aka faɗa ke nan. Labarin ya riga ya je musu tun lokacin ta bakin matafiya, amma sai an faɗa daga bakinmu kafin a ce an sanar da gida.

Bayan 'yan makonni amsa ta dawo, kuma ba direba ne ya kawo ta ba. Yaro ne ɗan shekara goma sha biyar ya sauka a tasha da buhu a ka, cike da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, da wani ƙullin sassaƙe. Muka sa kaset, muryar Inna ta fito. Bayan gaisuwa da ta'aziyya sai ta ce: wane ne yake tari a baya tun farkon kaset har ƙarshe? Ta ce ta san tarin ɗanta, kuma mai cewa ana godiya sau uku a kan kasuwa ba lafiya ba. Ta ce wadda ta kasa magana kuma ga ƙaninta nan ta turo mata, ya zauna da ita har ta warware, ya taya yayansa ɗaurin goro. Yaron nan shi ne babanki. Wata uku aka ce ya yi. Yau ga shi da furfura a Idi-Araba yana faɗa da ruwan Yuli.

To kin ga abin da labarin shekara yake yi a wurinmu. Wanda ya ji shi, nauyi ya hau kansa. A ɗakin Inna ake sa kaset ɗin, a rufe ƙofa, 'yan gida kaɗai, kuma kowa ya tashi da aikinsa: wannan zai je gaisuwa, wannan zai aiko da hatsi, wancan zai biya bashi. Zumunci a ƙafa yake, haka suke faɗa mana. Yanzu zauren nan naku mutum nawa ne a ciki? Rabinsu ban san fuskarsu ba, akwai surukan surukai, akwai wanda aka saki 'yarmu a hannunsa ba a cire lambarsa ba. Da na kwanta asibiti hotunan hannu biyu a ɗage sun fi ɗari a wayata, waɗanda suka tako suka zo da ƙafarsu kuwa ba su cika benci ɗaya ba. Alhali yanzu ga jirgin ƙasa na cikin gari, daga Mushin zuwa Agege kafin shayi ya huce. Mu da muke ratsa cunkoson Pen Cinema tun ba a yi gadar sama ba, da goyo a baya, ba mu fasa zuwa barka ba.

Inna tana da wata magana: ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ɓarin da matar yayanki ta yi nata ne, ita da mijinta. Ko uwarta ba ta da hurumin shelanta shi, balle ƙanwar miji. In ta ga an jera shi tsakanin hoton biki da na kyanwa, ba za ta ce miki komai ba, kunya ba za ta bar ta ba, amma za ta riƙe. Magana zarar bunu ce, kuma ta waya ta fi muni, don wani zai ɗauki hotonta ya tura inda ba ki taɓa zato ba. Nawa ciwon kuwa, hawan jini ne da suga, ba abin ɓoyo ba ne, duk layinmu sun sani. Amma rashin lafiya sai ta wuce ake ba da labarinta, a ce wance ta sha jiki, Allah ya ba da sauƙi. In dai lafiya kike son rubutawa, ki rubuta wa masu jego su kai yara rigakafin ƙyanda in sun cika wata tara. Kyauta ake yi, kuma na ga wasu a cikinku, da bokonsu da komai, suna noƙewa saboda wani saƙon murya da ba su san mai shi ba.

Wani abu ɗaya dai yana ci mini rai, shi ne ma ya hana ni ce miki ki bari gaba ɗaya. Kaset kuɗi ne a lokacin, saboda haka a kan namu Inna take ɗora amsarta, mu kuma baɗi mu ɗora a kan nata. Murya tana goge murya. 'Yan kaɗan da suka rage, laimar Ikko ta cinye su a cikin akwati, zaren ya manne. Yau ba ni da muryar Alhaji ko ta minti ɗaya, ba ni da ta Inna, ba ni da ta uwargidana. Ranar da aka haifi wasu daga cikin yaran gidan nan ma gardama ake yi a kai, wannan ta ce kafin azumi, waccan ta ce bayan Sallah. Da a ce wata mai irin kanki ta zauna da littafi a lokacin, da yanzu an huta.

Ki zo ranar Asabar bayan azahar, ki taho da wayar da caja, don tawa ba ta riƙe wuta. Akwai sunayen kakanni da garuruwan da suka fito da nake so a ɗauka daga bakina tun ina iya jero su. Maganar Facebook kuma ma yi ta in kin zo. Ki biya ta wurin matar yayanki ku taho tare, kada ki ce mata komai, ki ce dai ina nemanta zan yi dambu. Ki gaida babanki, ki ce masa ya nemi mai gyara ya ɗaga dokin ƙofar nan tun da rani, kada ya jira sai hadari ya haɗu.