Dalilin da Ya Sa Na Ƙi Buga Masa Rijiya ta Biyu

Ɗana, tambayarka tana kan hanya. Ka ce: "Maigida, mutum ya zo da kuɗinsa, ruwan rijiyarsa ya ja baya, ya ce mu buga masa wata a gefenta, me ya sa ka ƙi?" To, zauna ka ji.

Ruwan da muke samu a fadama ba kogi ba ne yake gudu a ƙarƙashin ƙasa. Yashi ne da tsakuwa a kwance ƙarƙashin laka, su ne suka sha ruwan damina da na ambaliyar kogin Gongola suka riƙe. Ai kana ganin abin da yake fitowa in muna haƙa: laka tukuna, sai yashi mai laushi, sai mai tsakuwa-tsakuwa, a nan muke tsayar da bututu. Abin da yashin nan ya sha zuwa ƙarshen damina, shi za a yi ta ja har ruwan sama ya dawo. In ka kunna inji, ruwan da ke kewaye da bututun sauka yake yi, ya fi sauka a gindinsa. Ka buga wata taku goma daga nan, a yashi ɗaya za su riƙa ja, kowace tana sauke 'yar'uwarta. Ƙwaryar fura ɗaya ce, ƙarin ludayi ba ya ƙara ta.

Sannan injin da manoma ke amfani da shi, mai inci biyu ko uku, tsotso yake yi. In ruwa ya yi nisa fiye da mita 7 zuwa 8 daga inda injin yake zaune, ba zai ɗago shi ba, komai sabuntarsa, sai ya yi ta jan iska yana cin fetur. Shi ya sa da bazara, Maris zuwa Afrilu, za ka ga an tona rami an sauke injin ciki. Da na karɓi kuɗin bawan Allah nan, da rijiya biyu zai samu masu jan iska, ga tumatirinsa yana fure. Kuɗin haram ne a wurina, tun da na san ƙarshen abin.

Ka dai ga gonar da idonka. Magudanarsa ta ƙasa ce, doguwa, ta ratsa yashi, ruwa mai yawa yana tsanewa kafin ya kai fangalin ƙarshe. Fangalin ma ba a daidaita su ba, wani gefe ya yi kududdufi, wani a bushe. Kuma da rana tsaka yake ban ruwa. Wannan mutum ba rijiya yake buƙata ba. Ya sa tiyo ya kai ruwan har bakin fangali, ya baje ƙasar ta yi daidai, ya koma ban ruwa da sassafe ko da yamma, ya zuba takin gargajiya ya rufe gindin shuka da ciyawa don ƙasa ta riƙe laima. Kuma ya zauna da maƙwabtansa su yi karɓa-karɓa, kada injuna biyar su tashi lokaci guda.

Da iyayenmu ke ban ruwa da jigo, ƙarfin mutum ne yake iyakance abin da za a ɗiba. Da shirin Fadama na tallafa wa manoman rani ya zo a farkon shekarun 1990, injuna da rijiyoyin bututu suka yawaita, an ci moriya ƙwarai, amma iyakar nan ta tafi. Ga masu ɗiban yashi da tifa suna zurfafa gulbi, in gulbi ya zurfafa ruwan fadamar gefensa ya bi shi. Wannan yana ci mini rai ainun. Mu da ke kusa da madatsar ruwa ta Dadin Kowa ma muna da sauƙi, don tana sakin ruwa har da rani. Ka tambayi mutanen Dukku irin zurfin da ake yi kafin a taɓa ruwa a wajensu.

Gobe in Allah ya kai mu za mu koma wurinsa. Ka zo da igiya da ɗan ƙarfen da za mu ɗaura mata. Kai za ka auna zurfin ruwan kafin a kunna inji, ka sake aunawa bayan an kashe, mu ga tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya dawo. Daga nan za mu gaya masa awa nawa zai iya ja a rana.