Gwaggo, ko shakkata ce ta kashe mahaifiyata?

Gwaggo, ina gaishe ki da fatan kina lafiya. Sau uku ina rubuta wasiƙar nan ina gogewa, yau dai na ce sai na aiko.

Ni malamar makaranta ce, shekaruna 27, ina koyar da ilimin halittu a sakandare. Cikin ikilisiya na tashi. Mahaifiyata ce ta koya mini Addu'ar Ubangiji tun ban iya rubuta sunana ba, kuma shekara huɗu ke nan ina koyar da yara a makarantar Lahadi. Duk wanda ya gan ni zai ce ga mai bangaskiya. Ni kaɗai na san abin da ke cikina.

A hankali abin ya soma. Litinin zuwa Juma'a ina gaban allo ina gaya wa ɗalibai duniya ta kai shekara biliyan 4.5, ina zana musu yadda halittu suka yi ta sauyawa. Ranar Lahadi kuma in zauna da ƙananan yara in ba su labarin kwana shida na Littafin Farawa. Sai in ji kamar mutum biyu ce ni, kowace tana jin kunyar ɗaya. Na taɓa kai maganar wurin wani dattijon ikilisiya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce boko ne ya yi mini yawa, in rage tunani in ƙara addu'a.

Sai bara mahaifiyata ta kwanta ciwo. Wata biyar muna azumi muna kwana addu'a, ana ta ce mana ta riga ta warke, mu dai mu karɓa. Ta rasu da asubahin wata Talata, hannunta cikin nawa. Bayan kwana biyu wata mata ta dafa kafaɗata ta ce da mun ba da gaskiya ba tare da shakka ba, da yanzu tana raye. Gwaggo, ni na san na yi shakka. Ni ce nake karɓar takardun gwaji daga hannun likita, kuma na san abin da lambobin suke nufi. Bakina yana cewa amin, kaina yana lissafin kwanaki. Littafinta Mai Tsarki yana nan a gefen gadona, duk ta ja wa ayoyi layi da jan biro, amma har yau na kasa buɗe shi.

Makon jiya wani yaro ɗan shekara tara ya ɗaga hannu a aji ya ce, "Anti, in Allah ne ya yi kome, to shi wa ya yi shi?" Sauran yaran suka fashe da dariya. Ban san lokacin da na ce masa ba a yin irin wannan tambaya a coci ba. Ya sauke hannunsa a hankali ya sunkuyar da kai. Da na koma gida sai da na yi kuka, don abin da aka yi mini shi na yi masa.

Ga shi ana shirin aurena da wani ɗalibin makarantar tauhidi, fasto zai zama. Bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba. In gaya masa ne, ko in yi shiru? Dole ne mutum ya ajiye hankalinsa a bakin ƙofa kafin ya zama Kirista na gaske? Kuma ki gaya mini tsakani da Allah, shakkata ce ta kashe mahaifiyata?

'Yarki da ta rasa barci


'Yata,

Daga ta ƙarshen zan fara, don ita ce ƙayar da ta fi shiga. A'a. Ciwo ne ya ɗauki mahaifiyarki, kwananta kuma ya ƙare. Matar da ta dafa kafaɗarki wataƙila ta ɗauka ta'aziyya take yi, amma ta ɗora miki kayan da Littafi Mai Tsarki bai ɗora wa kowa ba. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa abin da ya kira ƙaya a jikinsa, ba a cire ba. Shi da kansa ya rubuta wa Timoti cewa ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba shi da lafiya. A Getsamani Yesu ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ya kuma sha shi. Wa zai ce waɗannan bangaskiya ce ta yi musu kaɗan? Koyarwar da ta mai da addu'a kamar makunnin wuta, in an danna daidai dole ta kama, tana da daɗin ji har ranar da aka yi rashi. A ranar sai ta juyo ta ciji masu makoki. Abokan Ayuba irin lissafin nan suka yi masa, suka ce ruwa ba ya tsami banza, lalle akwai laifin da ya yi. A sura ta 42 su Allah ya tsawata wa, ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda Ayuba ya faɗa, Ayuban da ya cika surori da ƙorafi da tambaya. Kin karanta takardun likita kin gane su, kin kuma zauna riƙe da hannunta har ƙarshe. Ni ban ga laifi a ko ɗaya ba.

Shi kuwa dattijon da ya ce ki rage tunani, ina girmama furfurarsa, amma ban yarda da shi ba. Da aka tambayi Yesu doka mafi girma, cewa ya yi a ƙaunaci Allah da dukan zuciya, da dukan rai, da dukan hankali. Ta yaya za ki ƙaunace shi da abin da kika bari a bakin ƙofa? Mutanen Biriya, a Ayyukan Manzanni sura 17, an yabe su ne domin kullum suna bin Nassi suna dubawa ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Manzo guda suke bincika, aka ce sun kyauta. Bulus ɗin ma bai taɓa cewa a rufe ido a bi ba. Ya gaya wa Korantiyawa in Almasihu bai tashi ba, bangaskiyarsu banza ce, ya kuma lissafa waɗanda suka gan shi, har da mutum fiye da 500 a lokaci ɗaya, ya ce yawancinsu suna nan da rai. Mai tsoron bincike ba ya ambaton shaidun da ake iya zuwa a tambaya.

Ki lura da yadda Yesu yake yi da masu shakka, don nan ne na fi samun kwanciyar rai. Yahaya Mai Baftisma, wanda ya nuna shi da yatsa a bakin Urdun, da ya daɗe a kurkuku sai ya aiko almajiransa su tambaya: kai ne mai zuwan, ko mu jira wani? Yesu bai ce ya ji kunya ba. Ya ce su koma su faɗa masa abin da suka ji da abin da suka gani, makafi suna gani, guragu suna tafiya. Suna juya baya ya ce cikin waɗanda mata suka haifa ba a yi wanda ya fi Yahaya ba. Toma ya kwana takwas yana cewa sai ya ga gurbin ƙusoshi, kuma duk kwanakin nan yana cikin 'yan'uwansa, ba wanda ya kore shi. Akwai kuma uban nan a Markus sura 9, wanda ya ce ya ba da gaskiya, a taimaki rashin bangaskiyarsa. Rabi da rabi ya zo, aka warkar masa da ɗa. Ki ajiye wannan kusa da maganar matar nan ki gani ko za su zauna a tabarma ɗaya.

To mece ce bangaskiyar? Ki dubi abin da kike shirin yi. Kin san saurayinki, kin ga yadda yake cika alkawari, kin ga fushinsa, kin ji shaidar waɗanda suka san shi tun yana yaro. Duk aikin hankali ne wannan, kuma wauta ce a yi aure ba tare da shi ba. Amma ba ɗakin gwajin da zai ba ki takarda cewa bayan shekara 20 zai riƙe amanarki. Duk da haka za ki tsaya gaban jama'a ki ce kin yarda. Hujja ta rako ki har bakin ƙofa, shigar kuwa ke za ki yi da ƙafarki. Haka bangaskiyar Kirista take a fahimtata: dogara ga wani da kike da dalilin dogara gare shi, a kan abin da idonki bai kai ba tukuna. Tana wuce inda hankali ya tsaya, amma ba ta ce masa ya yi ƙarya. Anselm, babban bishof na Kantabari wanda ya rasu a 1109, ya kira abin bangaskiya mai neman fahimta. Wato mai bi shi ya fi kowa dalilin yin tambaya, kamar yadda wanda yake ƙauna ya fi kowa son sanin wanda yake ƙauna.

Maganar allo da makarantar Lahadi kuwa, ba ke kika fara ba, kuma ba zuwan kimiyyar zamani ya haife ta ba. Agustin, bishof na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a 430, ya daɗe yana fama da surar farko ta Farawa. Ya lura ba a yi rana ba sai a kwana na huɗu, to wane irin kwana ne ukun farko? Ya kuma gargaɗi Kiristoci kada su riƙa sakin baki a kan taurari da dabbobi da sunan Nassi a gaban waɗanda suka san abin, don in aka kama su da shirme a kan abin da ake iya aunawa, wa zai yarda da su a kan tashin matattu? Dokokin yadda 'ya'ya ke gadon siffofin iyaye da kike koya wa ɗalibanki, wani malamin zuhudu ne, Gregor Mendel, ya gano su a lambun gidan ibadarsu, ya wallafa a 1866. Wanda ya kawo bayanin cewa sararin samaniya faɗaɗa yake yi, a 1927, fada ne na Katolika ɗan Beljiyam, Georges Lemaître. Abin da ya fi burge ni da shi, da Paparoma Pius na 12 ya so ya ɗauki binciken a matsayin tabbacin halitta a 1951, shi fadan bai ji daɗi ba. Ya fi son a bar kimiyya ta yi aikinta, kada a jingina Allah da lissafin da gobe ana iya gyara shi.

Ba zan ɓoye miki ba, ikilisiya ta taɓa yin abin kunya a nan. A 1633 an gurfanar da Galileo, masanin taurari ɗan Italiya, don ya ce duniya ce take zagaya rana, sai a 1992 Paparoma John Paul na 2 ya fito ya amsa cewa an yi kuskure. Har gobe kuma Kiristoci na ƙwarai sun rabu a kan yadda za a karanta kwanakin Farawa. Ni dai ina ganin surar tana gaya mana wanda ya yi da abin da ya sa ya yi, ta bar mana aikin tono yadda abin ya gudana. Mai yiwuwa saurayinki ya ga dabam. Wannan zance ne da za ku iya yi shekara da shekaru ba tare da ɗayanku ya fita daga bangaskiya ba.

Akwai inda ni ma hankalina yake tsayawa cik. Me ya sa aka warkar da ɗan uban nan na Markus sura 9, aka bar mahaifiyarki? Ba ni da amsar da za ta ƙosar da ke, kuma duk wanda ya ce yana da ita a aljihu, ki yi hattara da shi. Zabura ta 88 da duhu ta ƙare, ba a liƙa mata ko kalmar yabo ɗaya a ƙarshe ba, kuma ba a cire ta daga Littafin ba. Ki buɗe na mahaifiyarki. Zan yi mamaki in duk jan layin nan a kan ayoyin murna kaɗai ya sauka.

Saurayinki, ki gaya masa, kuma kafin ranar auren ta matso. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Kada ki je masa kamar mai amsa laifi. Ki ce ga abin da kike fama da shi tun rasuwar Mama, ki karanta masa wasiƙar nan in bakinki ya yi nauyi. Sannan ki zuba ido ki ga yadda zai karɓa. Mutumin da zai yi kiwon ikilisiya zai haɗu da ɗaruruwa irinki, a gadon asibiti da bakin kabari. In ya saurara, ya ce shi ma akwai abin da yake kai wa Allah da dare, kin samu abokin tafiya. In kuwa ya firgita ya ce matar fasto ba ta tambaya, gara ki ji yanzu da ki ji bayan an ɗaura.

Saura yaron nan. Tambayarsa ita ce wadda babban malamin tauhidi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya zauna a kanta, don haka a daina yi masa dariya. Ranar Lahadi ki kira shi gaban 'yan ajin ki ce kin yi kuskure, tambayarsa mai kyau ce. Sai ki karɓi biro daga hannun wani yaro ki ba na kusa da shi, shi ma ya miƙa wa na gaba, ki ce kowa aro ya yi. Ki tambaye su: in kowa aro ya yi daga wani, ba mai shi ko ɗaya, daga ina biron ya fito? Za su ce dole akwai mai shi. Ki ce musu haka rai da kasancewa suke, mu duka aro muka yi, Allah kuwa shi ne wanda bai ara daga kowa ba. Ƙila ya gamsu, ƙila ya sake ɗaga hannu ya kawo wadda ta fi ta wuya. In ya kawo wadda ba ki sani ba, ki ce masa ba ki sani ba, za ku nema tare.

Ki sake rubuto mini bayan kin yi magana da saurayin naki, ina son in ji abin da ya ce.

Gwaggonki