Tambaya da Amsa: Idan Haɗari Ya Zama Dole, Wa Mota Mai Tuƙa Kanta Za Ta Kare?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji a rediyo cewa a Amurka akwai motocin haya masu tuƙa kansu ba tare da direba ba. Idan yaro ya faɗo titi kwatsam, birki ba zai wadatar ba, kaucewa kuma na nufin a buga fasinja da bango, wa motar za ta zaɓa, kuma alhakin ran yana wuyan wa? Daga wani direban motar haya, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka ta girmi motocin da kake magana a kansu, domin tun a 1967 masaniyar falsafa 'yar Ingila, Philippa Foot, ta kawo misalin direban taragon da ya ƙwace, wanda dole ya bi ta kan mutum biyar ko ya karkata ya bi ta kan ɗaya. Sai dai direba irinka yana yanke shawara ne cikin firgici, shi ya sa ake yi masa uzuri, ita kuwa motar an rubuta mata abin da za ta yi tun tana masana'anta, a cikin natsuwa, saboda haka wanda ya rubuta ba shi da uzurin ruɗewa.

Masu bincike a jami'ar MIT da ke Amurka sun tambayi jama'ar duniya ta intanet, suka tara amsoshi kusan miliyan 40 daga ƙasashe da yankuna 233, aka buga sakamakon a mujallar Nature a 2018. Akasarin mutane sun fifita ɗan Adam a kan dabba, da masu yawa a kan kaɗan, da yara a kan tsofaffi, ko da yake a ƙasashen gabashin Asiya fifita yaro a kan dattijo bai yi ƙarfi sosai ba. Wani binciken na 2016 ya nuna cewa mutane sun yarda mota ta sadaukar da fasinjanta domin ceton jama'a, amma ba sa son sayen irin wannan motar da kuɗinsu.

A ganina ran mutum ba abin jefa wa ƙuri'a ba ne, kuma a nan na fi gamsuwa da matsayin Jamus. A 2017 kwamitin da gwamnatin ƙasar ta kafa ƙarƙashin tsohon alƙalin kotun tsarin mulki, Udo Di Fabio, ya fitar da ƙa'idoji 20, inda ya ce ran mutum yana gaba da dukiya da dabba, sannan ya haramta bambanta mutane bisa shekaru, ko jinsi, ko lafiyar jiki da ta hankali. Da zarar an yarda na'ura ta auna darajar masu tafiya a titi, to mai tsummoki da gurgu da tsohuwa su ne za su riƙa faɗuwa a ma'aunin, kuma ba za su taɓa sanin an yanke musu hukunci ba.

Amma haɗurran da suka faru a zahiri ba su yi kama da misalin taragon ba. A daren 18 ga Maris 2018, a garin Tempe na jihar Arizona, motar gwaji ta kamfanin Uber ta kaɗe wata mata mai shekara 49 da ke tsallaka titi tana tura kekenta, ta rasu. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta gano cewa motar ta hango ta sakan 5.6 kafin karon, amma ta yi ta sauya shawara, yanzu ta ɗauke ta mota, an jima keke, an jima wani abin da ba ta gane ba, domin ba a koya mata cewa mutum kan tsallaka inda ba a ware wa masu ƙafa ba. An kuma kashe birkin gaggawa da motar ta zo da shi daga masana'anta, ita kuwa ma'aikaciyar da aka zaunar a kujerar direba hankalinta yana kan wayarta. Babu wani zaɓi tsakanin rayuka biyu a wannan dare. Abin da ya kashe matar shawarwari ne da aka yanke a ofis watanni kafin nan. Kai da kake kan titi kullum ka san cewa gudun da ka ɗauka a kusa da makarantar firamare, da tazarar da ka bari tsakaninka da mai babur, su ne ke yanke ko za ka shiga wannan tsaka mai wuya. Haka abin yake ga injiniya, kuma a nan ya kamata a fi tsananta masa tambaya.

Game da alhaki, abin da ya faru a Arizona bai kwanta mini a rai ba. Masu gabatar da ƙara ba su tuhumi kamfanin da aikata laifi ba, ma'aikaciyar ce aka gurfanar, ta amsa laifin jefa rai cikin haɗari a 2023, aka yanke mata ɗaurin talala na shekara uku. Tana da nata laifin, babu musu, amma ba ita ta kashe birkin ba. Birtaniya ta bi wata hanyar a dokarta ta 2024, wadda ta ce idan mota tana tuƙa kanta bisa izini, kamfanin da aka ba izinin ne zai amsa tambaya kan yadda ta yi tuƙi, ba wanda ke zaune a ciki ba.