Mai sakin iliminsa kyauta, don jama'a yake yi ko don kansa?

Ɗan uwa, tambayarka ta taɓa ni sosai don abu ne da nake ciki tsundum. Kana tambaya wai masu sakin iliminsu da dabarunsu kyauta da sunan amfanin jama'a, tsakani da Allah don jama'ar suke yi, ko kuwa suna da mabiya da wata riba ta bayan fage suke nema, tunda an ce banza ba ta kai zomo kasuwa. To ni dai a ganina kusan kowa a cikinmu yana samun wani abu, wanda ya ce maka ba ya samun komai bai leƙa zuciyarsa da kyau ba, amma ni ba da samun nan nake auna mutum ba. Abin da nake dubawa shi ne da gaske ya saki abin, ko ya miƙo ne yana riƙe da gefe ɗaya.

Na daɗe ina koyar da rubuta manhajar kwamfuta, kuma tun farko duk darasin da na haɗa sai na sake shi kyauta kowa ya ɗauka. Kuma wallahi na samu da yawa, ba zan ɓoye maka ba. An ba ni ayyuka daga wajen mutanen da ban taɓa gani ba don kawai sun karanta rubutuna, wasu sun nuna mini hanyoyin da suka fi nawa sauƙi na ƙaru da su, sannan ga wani daɗi da mutum ke ji a ransa ran da wani ya turo maka saƙo ya ce ta dalilin darasinka ya samu aiki, wannan daɗin kam ba na jin kuɗi na sayen irinsa. Har masana tattalin arziki sun yi rubutu a kansa, James Andreoni a 1990 ya kawo bayanin cewa mutane na bayarwa ne har da don wannan ɗumin da suke ji a zuci. To shike nan don na ji daɗi sai a ce ɗalibin bai amfana ba? Aikin da ya samu ai nasa ne, jin daɗina bai rage masa ko ƙwayar zarra ba.

Inda na fara gane bambancin shi ne lokacin da wani ya kwashe darussana kaf, ya goge sunana ya sa nasa, ya koma yana sayar wa mutane. Abin ya yi mini ciwo ba kaɗan ba, kuma da na zauna na natsu sai na ga ciwon iri biyu ne. Akwai na sunan da aka goge, wannan nawa ne ni kaɗai, kuma shi ya nuna mini lallai ina son a san ni na yi. Akwai kuma na ganin yaran da ba su da hali ana karɓar kuɗinsu a kan abin da na ajiye musu kyauta. Na farkon bai jima ba ya wuce, na biyun ne har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Kaga duka biyun a zuciya ɗaya suke zaune, son kai da son mutane, kuma ɗaya bai kori ɗaya ba.

Ba mu ƙanana kaɗai ba ma. Dubi waɗanda suka gano insulin a Kanada, maganin da masu ciwon suga ke rayuwa da shi. A 1923 suka miƙa wa Jami'ar Toronto haƙƙin mallakarsa a kan dala ɗaya kowannensu, abin da in da sun riƙe da sun yi kuɗin da ba ya ƙirguwa. Amma a shekarar nan dai da aka ba Frederick Banting kyautar Nobel tare da John Macleod, ransa ya yi mugun ɓaci don yana ganin Charles Best da suka sha wahalar gwaje-gwajen tare shi ya cancanta, har ya raba nasa kuɗin kyautar biyu ya ba Best rabi, shi ma Macleod ya raba nasa da James Collip, wanda ya tace maganin. Wato mutanen da suka yafe dukiya su ne kuma suke ta jayayya a kan wa ya yi me. Za ka ce ba don mutane suka yi ba saboda sun damu da suna? Ni ba zan iya faɗin haka ba, alhali yaran da a da ciwon ke kashe su cikin ɗan lokaci sun rayu sun girma.

Ga kuma misalin da na fi so saboda harkata ce. A farkon 1993 akwai wani tsarin neman bayanai a intanet mai suna Gopher na Jami'ar Minnesota a Amurka, yana tashe sosai a lokacin, sai jami'ar ta sanar cewa za ta fara karɓar kuɗin lasisi a wajen wasu masu amfani da manhajarta, nan da nan jikin mutane ya yi sanyi. Ran 30 ga Afrilu 1993 kuwa cibiyar binciken kimiyya ta Turai, CERN, ta saki fasahar yanar gizo da Tim Berners-Lee ya ƙirƙira, ta ce kowa ya ɗauka ba biyan komai. Sauran labarin a hannunka yake yanzu. Shi Berners-Lee ai ya samu suna, Sarauniyar Ingila ta karrama shi a 2004, ya ci kyautar Turing ta 2016, babbar kyautar fannin kwamfuta, kuma za ka iya cewa sakin ma dabara ce don tsarinsa ya yi nasara a kan sauran. Na yarda. Amma abin da ya bari ya fi abin da ya samu nesa ba kusa ba, kuma yau ba ka neman izininsa kafin ka buɗe shafi. Haka kamfanin Volvo ya yi da bel ɗin kujerar mota mai maɗauri uku da injiniyansa Nils Bohlin ya ƙera a 1959, ya bar sauran kamfanonin mota su yi amfani da shi, ya samu sunan kamfanin da ya damu da rayukan mutane, abokan gasarsa kuma suka samu bel ɗin cikakke.

Wanda ni nake kira yaudara daban ne, kuma ya cika intanet yanzu. Shi ne mutum ya nuna maka rijiya ya ɓoye guga. Zai yi ta zuba bayani mai daɗi har sai ka zo daidai wurin da abin zai yi maka aiki sai ya tsaya, ya ce sauran sai ka yi rajista ka biya, ko kuma ya tsara abin yadda kullum sai ka dawo wajensa, ko manhaja ce kyauta amma bayananka ake kwasa ana sayarwa ba a gaya maka ba. Sayar da ilimi ba laifi ba ne fa, malami ma sai ya ci abinci ya biya haya, ni kaina akwai aikin da nake karɓar kuɗi a kai kuma ina faɗa ƙarara. Laifin shi ne ka kira talla da sunan sadaka.

Sai abu na biyu da nake auna mutum da shi, kuma shi ne wanda ba a cika magana a kai ba: ina yake bayan an gama tafi? Sakin tunani a rana ɗaya ba wuya, ana ta yabo ana turawa, amma wahalar tana zuwa ne daga baya, wani ya kasa gane mataki na uku ya tambaye ka cikin dare, wani ya yi tambayar da ka amsa sau ba adadi, abin ya tsufa yana buƙatar gyara kuma ba wanda zai gode maka don ba wanda ma zai lura ka gyara. A nan ne masu neman suna kaɗai suke zamewa. A Afrilun 2014 da aka gano wata ɓaraka da aka sa wa suna Heartbleed a manhajar OpenSSL, wadda ɗimbin shafukan duniya suka dogara da ita wajen tsare bayanan mutane, sai ga shi ashe 'yan mutane ƙalilan ne ke kula da ita, yawancinsu a lokacin hutunsu, manyan kamfanoni na ta cin moriya shekara da shekaru. Waɗannan bayin Allah wane suna suka samu? Yawancin duniya ba ta ma san da su ba sai ran da abu ya lalace aka fara zarginsu.

Ta ɓangaren addini kuwa ai an riga an gama mana bayani, ayyuka da niyya suke, kuma ilimin da ake amfana da shi yana cikin abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa kamar yadda ya zo a hadisi. Kaga ko mai ikhlasi ma yana fatan wani abu, sai dai ba a wajen mutane ba. Riya gaskiya ce kuma abin tsoro ce, ni ma kullum ina fama da raina a kai, amma malamai sun ja kunne a kan ɗaya ramin, an ruwaito daga Fudail bin Iyad cewa barin aiki saboda mutane shi ma riya ne. Na san masu ilimi sosai da suka naɗe hannu don gudun kar a ce neman suna suke, abin da suka sani yana nan a kansu ba wanda ya ƙaru, wannan yana ba ni takaici fiye da mai ɗan son a yabe shi amma yana koyarwa tsakani da Allah.

In kuma tambayar taka don kana da abin da kake son saki ne kana shakka, to kar ka jira sai zuciyarka ta yi fes, ka sake shi cikakke yadda zai yi wa mutum aiki ko ba ka nan. Ka sa sunanka ba kunya, don masu tambaya su san wanda za su nema, kuma ka rubuta sharaɗinka a fili. Akwai lasisin Creative Commons da aka fara fitarwa tun 2002, a ciki za ka iya zaɓar wanda ya ce kowa ya ɗauka ya yaɗa amma ya ambaci mai shi, ko ka ƙara da cewa ban da sayarwa, ni yanzu wannan na biyun nake sa wa duk darussana.