Muryar Mama a zauren Zumuntar Mata: Mudu Biyu

Salama a gare ku 'yan'uwa mata, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ku yi haƙuri da hayaniya, ina rumfa ne, yau kasuwa ke ci.

Na saurari muryar da 'yarmu ta turo daren jiya. Ta ce tun da aka yi wa'azin musun kai ranar Lahadi hankalinta bai kwanta ba, gani take sai ta ajiye ɗinki ta fita aikin bishara kafin a ce ta miƙa wa Allah rayuwarta duka.

'Yata, in Ubangiji ya kira ki bishara, ni da kaina zan raka ki tasha. Amma kafin nan buɗe Luka 9:23. Yesu ya ce mai son binsa ya ƙi kansa, ya ɗauki gicciyensa kowace rana. Maganar nan tana cikin Matiyu 16:24 da Markus 8:34, amma Luka ne ya rubuta mana "kowace rana". To ke a ina kike wuni kowace rana? A kan kekenki. Ni kuma a nan, tsakanin buhunan masara da wake.

Bari in gaya miki abin da ya same ni. Da na fara sayar da hatsi, wadda ta koya mini sana'a ta miƙo mini mudu biyu. Ɗaya cikakke, da shi ake saye a ƙauye lokacin kaka. Ɗayan an bubbuga gindinsa ya ɗan shige ciki, da shi ake sayarwa. In kin kalle shi ba za ki gane ba, sai kin sa hannu kin shafa. Na yi shekaru ina awo da shi, ina zakka, ina waƙa a mawaƙa, ina azumi. Wata rana a nazarinmu aka karanta Maimaitawar Shari'a 25:14, inda aka hana mutum ajiye mudu iri biyu a gidansa, babba da ƙarami. Jikina ya yi sanyi. Kamar da sunana aka rubuta ayar. Daren nan ban yi barci ba, lissafi nake ta yi, ga kuɗin makarantar yara, ga kuɗin haya. Da safe na bar ƙaramin a gida. Ribata ta ragu, ba zan ɓoye miki ba, wannan shekarar mun sha wuya.

Kuma abin bai ƙare ranar ba. Har yau, in aka aiko yaro ƙarami sayen wake, akwai muryar da ke ce mini rage tozon, ai bai sani ba. In wake ya fara ƙwari, ta ce zuba shi ƙasa ki rufe da mai kyau. Nan ne nake ƙin kaina, sau goma, sau ashirin kafin rana ta faɗi.

Duba Luka 3, masu karɓar haraji da sojoji sun je wurin Yahaya Maibaftisma suna tambaya me za su yi. Bai ce su bar aiki ba. Ya ce kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, kada su yi ƙwace, su gamsu da albashinsu. Dokas ta Yafa kuwa, a Ayyukan Manzanni 9, da ta rasu riguna ne gwauraye suka ɗaga suna nuna wa Bitrus suna kuka, waɗanda ta ɗinka da hannunta.

Saboda haka 'yata, Kirsimeti na tafe. Kada ki karɓi ɗinkin da kin san ba za ki gama ba, ko da kuɗin na hannun mai shi tana roƙonki. Yadin da ya ragu, naɗe ki mayar wa mai shi. In kin ɓata wa wata atamfa, gaya mata da bakinki kafin ta gano. Ki gwada wata ɗaya, ki zo mu zauna ki ba ni labari.

To, ga mai saye ta iso. Sai mun haɗu a addu'ar Laraba, Ubangiji ya kiyaye ku da iyalanku.