'Yata ta ci BAC amma ba ta iya tuƙa tuwo ba, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni uwa ce a nan Yamai, ma'aikaciya, tun safe in na fita sai la'asar sakaliya. 'Yata shekararta 19, bana ta ci BAC, jarrabawar gama sakandare, za ta tafi jami'ar Tawa, amma in ban da sipageti da soya ƙwai ba abin da ta iya. Wanta kuwa ko shayi sai ya je tebur. Kullum faɗa muke ina ce mata raguwa. Ina da ƙanana biyu, mace mai shekara 6 da namiji mai 10, ba na so su ma su tashi haka. Dan Allah ki ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana su, ya sa albarka a karatun.

Dan Allah kalmar raguwa ki aje ta tukuna. Yarinyar da ta hana idonta barci har ta ci BAC ba raguwa ba ce, abu ne ba a sa hannunta a kai ba. Ina koyar da tattalin gida a kolej, kuma irin 'yarki sun cika mini aji, in na ce wa ta taɓa tuƙa tuwo ita kaɗai, hannuwan da ke tashi ba su da yawa.

Mu da muka iya ba wanda ya zaunar da mu ya yi mana darasi, a gindin murhu muka tashi, a ce miƙo mara, iza wutar nan, bakace hatsin can, tun kina kallo har wata rana inna ta ce kai na ke ciwo je ki ɗora. Yaran yanzu fa? Da safe lakwal, da marece kur, wato ƙarin darasi, ko islamiyya, kafin su taso 'yar aiki ta sauke tukunya, daka kuma inji ya ɗauke. Sannan ga namu, yaro ɗan shekara 4 ko 5 zai bi ki madafa yana inna ba ni in yi, ki ce fita kar ka ƙone, ba ni wuri ina sauri. Lokacin da yake marmari mun kore shi, sai ya girma waya ta shiga hannunsa mu ce me ya sa ba ya shiga madafa. Wannan abin yana ci mini rai wallahi, dan a gidaje da yawa haka ake.

Ita babbar lokaci bai ƙure ba. Kar ki ce komai za ta iya kafin ta tafi, kala huɗu sun isa: shinkafa da wake, jar miya, tuwo da miyar kuka, sai dambu da kopto. Kala guda za ta riƙe ta yi ta maimaitawa har ya zauna mata sannan a wuce gaba. Kuma daga kasuwa za a fara, ki ba ta jika biyu ko uku ta je Wadata ko Katako ta yo cefane da kanta, ta san albasa mai kyau da wadda ta fara ruɓewa daga wuya, tunda ma ƙasar albasar Galmi za ta. Ta dafa, ta raba, ta wanke tukunya.

Inda uwaye ke rikita yara shi ne awo. Mu da ido muke girki, sai ki ce zuba ruwa daidai, toh daidai ɗin nawa ne ga wadda ba ta taɓa yi ba? Ki samo gwangwani guda ya zama ma'auninta, shinkafa gwangwani 1 ruwa gwangwani 2, daga nan ta gyara dan wata shinkafar ta fi wata shan ruwa. Ta samu kaye ta rubuta, yadda ta saba a lakwal. Idon zai zo daga baya.

Tuwo kuwa tsayawa za ki yi kanta ki nuna mata dalilin kowane mataki. Ruwa ya tafasa sosai, ta dama gari kaɗan da ruwan sanyi ta zuba tana motsawa, wannan shi ne talge, kuma a nan yawancin yara ke faɗuwa, ba sa barin talge ya nuna sai su hau zuba gari, tuwo ya fito yana warin ɗanyen gari washegari ya saki ruwa. Ta bar shi ya yi ta ɓararraka har ƙamshi ya canza. Sannan ta rage wuta, gari kaɗan-kaɗan, tana tuƙawa tana danne shi da jikin tukunya dan gudaji su mutu, ta rufe ya turara, ta sake tuƙawa, ta jiƙa mara ta kwashe. Abin da ya fi wuya a nan ba nata ba ne, naki ne Hajiya. Za ki ga tana riƙe muciya a karkace hannunki ya yi ta ƙaiƙayi, kar ki karɓe. Duk ranar da kika ce kawo nan ba ki iya ba, kin maida ita baya. In ya yi gudaji a ci haka nan, ki ja kunnen mai gida da wanta kar wanda ya yi mata dariya a kan kwano.

Shi ma wan nata ya shigo layi. Ban yarda da zancen girki na mata ne kawai ba, mai shayin da yake zuwa wurinsa namiji ne, mai tsire da mai kilishi maza ne, samarin Adar, can yankin Tawa, da ke tafiya bida Abijan ko Libiya su ke dafa wa kansu. Kuma a cikin Bukhari Nana A'isha ta ce Annabi (SAW) ya kasance yana hidimar iyalinsa a gida. Saurayin da bai iya dafa ko shinkafa ba kuɗinsa a bakin titi za su ƙare, kuma ba shi da iko da gishiri da man da ake zuba masa. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce babba kar ya wuce giram 5 na gishiri a yini, kusan ƙaramin cokalin shayi guda, shi kuwa dunƙulen nan da muke jefawa uku huɗu a miya kusan rabinsa gishiri ne. Tun yanzu ki saba musu da kalwa da tafarnuwa da albasa, dunƙule kaɗan, hawan jini ya yi yawa a gari.

Ƙananan su ne masu sauƙi. 'Yar shekara 6 ta wanke hannu da sabulu, ta tsince wake, ta zage zogale, ta wanke tamati, ki samo mata ɗan turmi ta daka tafarnuwa. Za ta zubar, za ta ɓata miki lokaci, shi ya sa ki zaɓi Asabar ko Lahadi da ba ki sauri. In an zo ci ki faɗa kowa ya ji, zogalen nan ita ta gyara. Ɗan shekara 10 ya isa ya riƙe wuƙa kina tsaye, yatsu a lanƙwashe, ya dama kunu, ya dafa ƙwai. Tafasasshen mai shi ne na ƙarshe, wannan sai sun ƙara girma.

Maganar wuta ba wasa. Tunda matatar mai ta SORAZ da ke Damagaram ta fara aiki a 2011 gaz ya shiga gidaje da yawa, amma ba kowa ya san halinsa ba. Ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwantawa. Su sani ashana ake fara ƙyastawa sannan a buɗe gaz, in an ji warinsa a rufe butel a buɗe ƙofa da taga, kar a ƙyasta komai kar a taɓa makunnin lantarki. In ana zargin tiyo, kumfar sabulu ake shafawa a ga ko kumfar za ta kumbura, alamar gaz na fita. Dogon hijabi a cire shi kafin a tsaya gaban wuta. In an ƙone a sa wurin cikin ruwa mai sanyi minti 20, banda ƙanƙara, banda man goge baki ko ɗanyen ƙwai, in ƙunar babba ce ko a fuska sai likita. Da sanyi kuma kar ta kuskura ta shiga ɗaki da gawayi ta rufe ƙofa, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa.

Sai ajiya. A zafin watan Afirilu da Mayu da ake wuce digiri 40, dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a waje ba, ita kuma wataƙila ba firigo inda za ta zauna, toh ta koyi dafa daidai cikinta, ɗumame kuma ya yi zafi har ciki.

Tunda ba kya gida da rana, in kuna da 'yar aiki ita ma malama ce in kin ba ta girmanta, ki faɗa wa yaran a gabanta cewa a madafa ita za su bi. In tafiya ta zo ki haɗa mata tukunya biyu, muciya, garin kuka, busasshen guro, kalwa da yaji, butel ɗin gaz mai kilo 6 kuma ki fara tambaya ko an yarda da shi a inda za ta sauka.